Tanar Farko a Belinyu

Shekara ashirin da biyu ina tsotse cikin tsibirin nan,
ni da injin da ya cinye mini kunnen hagu.
Kuza muke nema, baƙin yashi mai nauyi,
a wanke, a auna, a loda wa jirgi,
ta je ta narke cikin wayar wani
da bai taɓa jin sunan Bangka ba.

Abin da muka bari, ga shi nan:
rairayi fari fat kamar an barbaɗa gishiri,
da kududdufi kore shar, gwanin kyau.
Baƙi kan zo su ɗauki hoto,
amma ko kwaɗo ba ya kwana ciki.
Nan gonar masoron kakana take a da.
Na san wurin sarai, don ni na tone ta.

Yanzu kamfani na ba ni rabin kuɗin da
in mayar da abin da na kwashe.
Tonawa kwana uku ce.
Cikewa, har gobe.

Bong Akhiong kan kawo kashin kaji a bayan babur,
buhu biyu, hanci a toshe, yana tsine mini cikin raha.
Yusmaniar, matata, ta daddaka ɓawon kwakwa,
mu cakuɗa da farar ƙasa don kashe tsamin wurin.
Yazawa ɗari huɗu muka dasa a watan Sha'aban.
Kafin Babbar Sallah ɗari uku da sittin sun mutu a tsaye,
rairayin ya toye saiwarsu kamar kasko.
Jami'i ya zo da takarda, ya rubuta an farfaɗo da fili,
ya tsaya jikin mai rai guda, aka ɗauke shi hoto.

Muka sake lale.
Wannan karon wake mai yaɗo muka fara shimfiɗawa,
ya yi wa ƙasa mayafi tukuna.
Ba a fara majinyaci da loma,
sai da kurɓi.

Wani dare na ji gurnanin inji ta gabas.
Da asuba na tarar da layi bakwai a kife,
sabon rami, guntun tiyo,
da takalmin roba wari guda, ya maƙale a laka.
Na gane takalmin.
Ni na saya wa Hendrizal, ɗan ƙanwata,
wanda matarsa ke da cikin wata takwas.
Ban je wurin 'yan sanda ba.
Na wanke shi, na ajiye masa a bakin ƙofa,
na juyo bakina alaikum.
Me zan ce?
Ni na koya masa riƙon tiyo.

Damina uku ta wuce.
Ganye ya zuba, ya ruɓe, wani ya zubo a kai,
farin wurin ya soma dauɗa,
irin dauɗar da manomi ke roƙo.

Jiya Talata, ina sassabe gindin wata yazawa,
yatsana ya taɓo abu mai sanyi, mai motsi.
Siririya, ja, ba ta kai tsawon ashana ba.
Na ƙwala wa Yusmaniar kira: "Tana!"
Ta ɗago daga nesa: "Tana me?"
"Tana nan!" na ce, "tana nan da ranta!"
Muka durƙusa, tsofaffi biyu,
muna kallon ma'aikaciyar da ba kamfani ya ɗauka ba,
tana huɗa ba albashi, ba hoto.
Na mayar da ita, na lulluɓe da ganye.

Kududdufin na nan yadda yake.
Injin gabas ma wani dare nakan ji shi
da kunnen da ya rage.
Bong ya ce sai jikan jikana zai tsinki masoro a nan.
Na ce to, na ji.
Gobe ka kawo buhu uku.